Naci Ko Kafiya? Tambaya a Kan Rayuwar Likita Folkman

Bahaushe yana da kalmomi biyu da yakan raba wa mutumin da ya ƙi sakin abin da ya sa a gaba. In mutumin ya kai gaci, sai a ce ai wane akwai naci, har a ɗauko karin maganar nan ta mai haƙuri da dafa dutse a yafa masa kamar alkyabba. In kuwa ya faɗi ba nauyi, sai a ce daman mun faɗa, kafiya gare shi, ba ya jin kira. Abin lura shi ne, ba a yin wannan rabo sai bayan kasuwa ta tashi, lokacin da kowa ya riga ya ga wanda ya ci riba da wanda uwar kuɗinsa ta nutse. To amma shi mutumin da ke tsakiyar tafiya, wanda ya shekara goma yana abu guda ana yi masa dariya, ba shi da wannan gata. Yana bukatar ya sani tun yau ko abin da yake yi halin kirki ne da ya kamata ya riƙe, ko kuwa cuta ce da ya kamata ya nemi maganinta. Tambayar da nake so mu tattauna ke nan: shin akwai wata alama da za a bambanta naci da kafiya da ita tun kafin sakamako ya fito, ko kuwa duk hali ɗaya ne, sa'a ce kawai take raɗa masa suna?

Na san tambayar ba baƙuwa ba ce a wannan zaure namu, domin a cikinmu akwai masu littafin da ya shekara bakwai a ƙasan akwati, an kai shi wurin masu ɗab'i uku duk sun mayar da shi. Amma ba da marubuci zan auna ta ba, saboda aikin marubuci ba shi da sikelin da kowa ya yarda da shi. Zan auna ta da rayuwar wani likita Ba'amurke mai suna Judah Folkman, wanda ya kwashe shekara arba'in da 'yan kai yana bin tambaya guda game da hanyoyin jini, kuma aka kira shi da sunayen nan biyu, kowanne fiye da sau ɗaya. Shi da kansa yakan faɗa cewa tazarar da ke tsakanin halayen biyu ba ta da yawa, kuma mai bincike yana iya ƙetare ta bai sani ba.

An haifi Folkman a birnin Cleveland na jihar Ohio a 1933. Mahaifinsa malamin addinin Yahudu ne, kuma tun yana yaro yakan bi shi gaida marasa lafiya a asibiti. Ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard a 1957, ya kama aikin tiyata. A 1960 aka kira shi aikin sojan ruwa, aka sa shi a wani ɗakin gwaje-gwaje a Bethesda, shi da abokinsa Frederick Becker, aka ce su nemo wani ruwa da zai iya maye gurbin jini ga sojojin da ke cikin jirgi a tsakiyar teku. Domin su gwada ruwan, sai suka ciro wata 'yar tsoka daga maƙogwaron dabba, suka sa ta a kwalba suna shayar da ita, sa'an nan suka dasa mata ƙwayoyin ciwon daji na ɓera don su ga ko za su rayu. Ƙwayoyin suka rayu, suka taru suka zama ƙari, amma kowane ƙari da ya kai girman ƙwayar gero, wato milimita ɗaya zuwa biyu, sai ya tsaya cak. Da suka ɗauke shi suka mayar a jikin ɓera mai rai, sai ya shiga girma kamar an hura masa wuta. Da suka duba a madubin likita sai suka ga bambanci guda: na cikin kwalba ba shi da hanyar jini ko ɗaya, na jikin ɓera kuwa hanyoyin jini sun lulluɓe shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambun albasa a Aliero, ko a fadamar Gulbin Zamfara wajen Jega, zai gane abin da Folkman ya gani. Fangalin da ruwa bai kai gare shi ba, komai kyawun irin da aka dasa, ba ya yin komai. Haka naman jiki yake, abinci da iskar numfashi ba sa iya ratsa shi da nisa, dole sai ƙananan hanyoyin jini sun kai su har bakin ƙofa. Jikin baligi ba ya yawan tsirar da sababbin hanyoyi sai da dalili, kamar warkewar rauni, ko ɗaukar ciki, ko haɗewar ƙashin da ya karye. Masu ɗori, waɗanda Aliero ta yi suna da su, sun san wani ɓangare na wannan ilimi tun kaka da kakanni, shi ya sa gwani a cikinsu ba ya tamke karan ɗori har jini ya kasa wucewa, domin ya san gaɓar da jini ya yanke mata mutuwa take yi. Abin da Folkman ya ƙara shi ne, ƙarin ciwon daji fangali ne mai wayo. Ba ya jiran a kawo masa ruwa, shi ke aika saƙo, jiki da kansa ya haƙa masa sabuwar hanya. Saboda haka, in ji shi, in aka gano saƙon aka tare ɗan aiken, ƙarin zai zauna a girman ƙwayar gero, mutum ya rayu da shi bai ma san yana nan ba.

Ya buga wannan ra'ayi a mujallar likitoci ta New England a watan Nuwamba na 1971. A lokacin ya riga ya zama shugaban likitocin tiyata na Asibitin Yara na Boston, muƙamin da aka ba shi a 1967 yana ɗan shekara 34. Masana ilimin ciwon daji ba su karɓi maganar da hannu biyu ba. Wasu suka ce hanyoyin jinin da yake gani tsofaffi ne da suka buɗe. Wasu suka ce ai duk inda nama ke ruɓewa sai an sami kumburi, kumburi kuwa yakan jawo jini, don haka ba wani saƙo da ƙarin ke aikawa. Wasu kuma ba su tsaya kawo hujja ba, suka ce likitan tiyata ne, ya koma ga wuƙarsa ya bar bincike ga masu shi. Mujallu suka riƙa mayar masa da takardunsa, masu ba da kuɗin bincike suka riƙa juya masa baya, kuma aka shekara fiye da goma ba wanda ya iya kama saƙon nan a hannu ya ce ga shi.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu gwaji. A ce mutumin nan ya rasu a 1980. Me za a rubuta a kansa? Gwanin likita da ya ɓata basirarsa wajen bin abin da babu. A ce ya rasu a watan Mayun 1998, za a ce annabin kimiyya ne da ya riga zamaninsa. A ce ya rasu a 2002, za a koma ga maganar farko, har da ƙari, kamar yadda za mu gani. Ya kai 2004, sai aka sake komawa ga yabo. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, hali ɗaya, amma hukuncinsa na juyawa bisa ga ranar da ajali ya riske shi. Ni a ganina hukuncin da ranar mutuwa take iya juyawa ba hukunci ne a kan halin mutum ba, labarin abin da ya same shi ne kawai. Kuma in da sakamako ne kaɗai alƙali, to da ba mu da ikon yaba wa manomin da ya yi shuka a kan kari ya yi noma uku, fari ya cinye, kuma da dole mu yaba wa ɗan caca ranar da ya ci. Tunda hankali bai yarda da wannan ba, ashe dole akwai wani abin dubawa a cikin aikin kansa.

Abin da ya fi jan hankalina a shekarun nan na dariya shi ne yadda Folkman ya yi da masu sukarsa. Sun ce tsofaffin hanyoyi ne ke buɗewa. Sai ya nemi wurin da babu hanyar jini ko ɗaya a jikin dabba, ya samu a gilashin gaban idon zomo, wanda garau yake. Shi da almajiransa suka dasa ɗan ƙari a wurin, suka zauna suna kallo da idonsu yadda sababbin hanyoyi ke tasowa daga gefen ido suna miƙewa zuwa gare shi, kuma da zarar sun isa sai ƙarin ya tashi. Da aka bar wani ƙarin yana yawo a cikin ruwan ido, nesa da inda hanyoyi za su kai, sai ya zauna da ransa amma bai girma ba. Mai karatu ya lura da wani abu: wannan gwaji yana iya kashe ra'ayin Folkman nan take. In da ƙarin ya girma babu jini, shi ke nan, magana ta ƙare. Shi ya ƙera wuƙar, shi ya miƙa wuyan ra'ayinsa. Sun ce kumburi ne. Sai a 1974 ya ɗauki wani matashin injiniya, Robert Langer, suka ƙera wata 'yar roba da ba ta tayar da kumburi, mai sakin sinadari sannu a hankali, domin a raba aikin saƙon da aikin kumburi. Sun ce ba za a iya renon ƙwayoyin ƙananan hanyoyin jini a faranti ba, a 1979 ɗakinsa ya rene su. A 1984 kuma abokan aikinsa biyu, Yuen Shing da Michael Klagsbrun, suka tace wani sinadari daga ƙarin ɓera wanda ke sa hanyoyin jini tsirowa. Ɗan aike na farko ya shiga hannu bayan shekara 13.

Yanzu mu ajiye wannan kusa da wani naci na daban da ya tsiro daga gindinsa. Folkman ya lura cewa guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, sai ya yi tunanin ƙila akwai wani abu a cikinsa da ke korar su, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ɗakinsa ya nuna alamar hakan da guringuntsin zomo da na maraƙi. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. A 1992 wani ɗan kasuwa a Amurka ya fitar da littafi yana cewa kifin shak, wanda ƙashinsa duk guringuntsi ne, ba ya kamuwa da ciwon daji, don haka a niƙa guringuntsinsa a sha. Aka yi ta cinikin garin, aka yi ta kashe kifaye. Alhali kuwa kifin yana kamuwa da ciwon, kuma gwajin da aka yi a kan majinyata, wanda aka buga sakamakonsa a 2005, bai nuna wani amfani ba. Masu wannan sana'a su ma sun dage, su ma sun ce ana yi musu hassada, su ma sun ce wata rana duniya za ta gane. A nan Afirka ta Yamma mun ga irinsa da rawani a ka: a watan Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, ya sa majinyata suka bar magungunan asibiti, kuma da wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ta nuna shakka, sai ya kore ta. Ba sai mun je Banjul ba ma. Kowace ranar kasuwa, daga Jega har Maiyama, akwai mota da lasifika a samanta tana tallar kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in, kuma ka tambayi mai ita wa ya gwada, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

To ga alamar da nake nema. Duk su biyun sun ƙi sakin abin da suka riƙe, amma ba abu ɗaya suka riƙe ba. Folkman tambaya ya riƙe, yana neman duk hanyar da za ta tilasta wa duniya ta ba shi amsa, ko da amsar za ta kunyata shi. Su kuwa amsa suka riƙe, suna tsare ta daga duk wata tambaya. Mai shakka a wurin Folkman mutum ne da ya ba shi aikin gobe, a wurin Jammeh kuwa mutum ne da za a raka filin jirgi. Wannan bambanci ana iya ganinsa a 1975 kamar yadda ake iya ganinsa a yau, ba ya bukatar a jira sakamako. In ka tambayi mutum, wane abu ne in ka gani za ka yarda ka yi kuskure, ya iya faɗa maka, har ya tashi ya je neman abin, to kana gaban mai naci. In ya ce babu, ko ya fusata, ka san inda kake.

Da na tsaya a nan da labarin ya yi daɗi, amma da na yi wa masu sukar Folkman zalunci, domin ba mugaye ba ne, kuma ba a kan komai suka yi kuskure ba. A 1994 da 1997 wani almajirinsa, Michael O'Reilly, ya gano sinadarai biyu a jikin ɓeraye, anjiyostatin da endostatin, masu hana hanyoyin jini tsirowa, kuma a ɓeraye suka narkar da manyan ƙari. Ranar 3 ga Mayun 1998 jaridar New York Times ta ɗora labarin a shafinta na farko, ta kuma ruwaito James Watson, mai lambar Nobel, yana cewa Folkman zai warkar da ciwon daji cikin shekara biyu. Watson ya musanta cewa haka ya faɗa, amma alƙalami ya riga ya bushe. Washegari hannun jarin kamfanin EntreMed, mai haƙƙin magungunan, ya tashi daga wajen dala 12 ya haura dala 80. Wayoyin asibiti suka ɗauki ruri, mutanen da likitoci suka sallama suna roƙon a ba su maganin da ko mutum ɗaya ba a taɓa gwada wa ba. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Folkman ya yi ƙoƙarin yayyafa wa wutar ruwa, ya ce abin da kawai zai iya faɗa shi ne, in kai ɓera ne mai ciwon daji, to za su iya kula da kai da kyau. Kafin shekarar ta ƙare aka ji cewa masu bincike na gwamnati sun kasa maimaita gwajin a nasu ɗakin, sai a farkon 1999 suka dace, bayan sun je Boston sun yi shi a can. Da aka gwada magungunan a jikin mutane, ba su cutar ba, amma ba su yi abin da suka yi wa ɓeraye ba. Ba a taɓa amincewa da su a Amurka ba, ƙasar Sin ce ta amince da wani nau'in endostatin a 2005.

Wannan babi ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da alƙalami. Likitan ya ce ɓera, marubuciyar labarin ma ta ambaci ɓera, amma jimlar da ta fi zaƙi ita aka ɗora a inda ido zai fara sauka, ita kuma mutane suka ɗauka. Ba a rubuta ƙarya tsagwaronta ba, an dai jera gaskiya yadda za ta haifi ƙarya a zuciyar mai karatu, kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan jeri su ne marasa lafiya da danginsu. Wanda ya taɓa zama a gidan da ake jinyar mai sankarar mama, ya ga yadda ake sayar da gona da bisashe a kan jita-jitar wani magani a wani gari, ya san sa rai ba abin wasa ba ne.

Wannan ya kai ni ga abu na biyu da ake iya dubawa tun tafiya ba ta ƙare ba, wato wa ke biyan kuɗin dagewar, kuma ya yarda? A 1981 Folkman ya sauka daga shugabancin tiyata domin ya ba bincike dukkan lokacinsa. Ana ba da wannan a matsayin sadaukarwa, kuma haka ne, ya bar kujera da girma. Amma akwai wani gefe. Gwanin likitan yara ne, hannunsa na ceton rai a yau, tabbas, ya ajiye wannan ya bi abin da ƙila ya yi amfani bayan shekara ashirin, ƙila kuma ba zai yi ba. A Boston wani gwanin ya hau kujerar, yara ba su rasa mai yi musu aiki ba. A ce a nan ne fa, inda mutumin Karaye zai wuce Maiyama ya wuce Jega, wani lokaci sai ya dangana da Birnin Kebbi ko Sakkwato kafin ya ga likitan tiyata, sai likitan ya ce ya ajiye wuƙa zai koma kallon idon zomo. Za mu kira shi mai naci? Ni dai da wuya bakina ya iya furtawa, ko da tambayarsa ta gaskiya ce, ko da yana gwada ta da gaskiya. Ashe hali ɗaya yana iya zama halal a wani wuri ya zama abin tuhuma a wani, gwargwadon wanda nauyin zai faɗa wa. Wannan bai rushe alamar farko ba, sai dai ya nuna ba ta wadatar ita kaɗai. Malamin makaranta da ya dage sai ya gama littafinsa, yana rubutu da dare bayan ya gama duba aikin ɗalibai, da wanda yake rubutun a lokacin darasi ya bar aji da monita, duk marubuta ne masu dagewa, amma ɗaya daga aljihunsa yake biya, ɗaya daga aljihun yara.

Maganin da ya tabbatar da ra'ayin Folkman a ƙarshe ba daga ɗakinsa ya fito ba. A 1989 wani likita ɗan Italiya, Napoleone Ferrara, da ke aiki a kamfanin Genentech, ya tace babban ɗan aiken, sinadarin da ake kira VEGF, wanda Harold Dvorak da abokansa suka fara cin karo da shi a 1983 ta wata fuskar. Daga nan aka ƙera maganin Avastin mai kama shi. A gwajin da aka yi da masu ciwon dajin hanji su 813, waɗanda aka haɗa musu shi da maganin da aka saba sun rayu wata 20.3 a tsakaice, waɗanda ba a haɗa musu ba wata 15.6. A watan Fabrairun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, shekara 33 bayan takardar 1971. Wata biyar ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ake ƙirga masa kwanaki, amma ba shi ne mafarkin da aka yi ba. Ƙari ya fi fangali wayo, in aka toshe masa hanya ɗaya yakan aika wani ɗan aiken, ko ya maƙale a jikin tsofaffin hanyoyi. A 2011 hukumar ta janye amincewarta da maganin ga sankarar mama, saboda bai ƙara wa matan kwana ba. Har ma wani masani, Rakesh Jain, ya kawo hujja tun 2001 cewa wani ɓangare na amfanin irin waɗannan magunguna shi ne suna gyara karkatattun hanyoyin ƙarin na ɗan lokaci, sauran magunguna su sami wurin shiga, abin da ya kusa zama kishiyar kashe shi da yunwa. Wato Folkman ya yi daidai a kan cewa saƙon yana nan kuma ana iya tare shi, masu shakka kuma sun yi daidai a kan cewa wannan kaɗai ba zai gama da cutar ba.

Inda rijiyar ta fi kawo ruwa wuri ne da ba don shi aka fara haƙa ta ba, wato ido. Shi wannan ɗan aike shi ne ke sa gurɓatattun hanyoyin jini tsirowa a bayan ido, su yi yoyo su makantar da mutum, ga tsofaffi, ga masu ciwon sukari, ga jariran da aka haifa bakwaini, har da wasu masu sikila, cutar da ba mu bukatar a yi mana bayaninta a ƙasar nan. A 1994 likitocin ido a Boston, tare da Folkman, suka nuna hannun VEGF a wannan ɓarna. A 2006 aka amince da allurar Lucentis da ake yi a cikin ido. Shekara guda kafin nan wani likita a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada ɗigon Avastin a ido ya ga yana aiki, kuma babban gwajin da aka buga a 2011 ya nuna su biyun kusan ɗaya suke, alhali allurar Lucentis wajen dala 2,000 ce a lokacin, ta Avastin kuwa wajen dala 50, domin kwalba ɗaya ake rabawa mutane da yawa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su, saboda ido, kuma shi ne aka fi amfani da shi a manyan asibitocin ido na Nijeriya. Sai dai allura ce da ake maimaitawa wata bayan wata, kuma ga manomin da zai biya kuɗin mota da na masauki kowane zuwa, arhar tata ma tsada ce.

Folkman bai sami lambar Nobel ba. Babbar lambar Lasker ta 2010 a wannan fage Ferrara aka ba. A shekarunsa na ƙarshe ya koma kan wata tambaya da ta fi ta farko nisa. A wata takarda da ya buga a 2004 ya jawo hankali ga abin da masu binciken gawa suka daɗe da sani, cewa mutane da yawa da suka mutu ta wani dalili daban, kamar haɗarin mota, ana samun ƙananan ƙari a jikinsu, a mama ko a maƙogwaro, waɗanda suka zauna shekaru ba su tashi ba. Ya yi fatan wata rana a riƙa gane lokacin da irin wannan ƙari ya fara aika saƙo ta hanyar gwajin jini ko fitsari, a tare shi da magani marar zafi tun likita bai san a wace gaɓa yake ba. Wasu abokan aikinsa suka ga hangen nesa ne, wasu suka ga tsohon hali ne ya motsa. Ranar 14 ga Janairun 2008 ya yanke jiki ya faɗi a filin jirgin saman Denver, yana kan hanyarsa ta zuwa wani taro a Vancouver inda zai gabatar da jawabi, yana da shekara 74. Har zuwa yau wannan hanya tasa ta ƙarshe ba ta zama maganin da asibitoci ke bi ba, kuma ba a rufe bincike a kanta ba.